Gaisuwar da Na Koya wa Tanimu

Kun taso kun ga Baffanku Tanimu da giɓi, haƙoransa biyu na sama babu. Tun kuna ƙanana kuke tambayarsa, shi kuma kullum da irin labarin da zai ba ku. Yau ya ce saniya ce ta tunkuye shi a kasuwar shanu ta Akinyele, gobe ya ce rake ya gatsa da ƙarfi, jibi ya ce aro ya bayar ba a dawo masa da su ba. Kuna dariya, ni ma ina taya ku. To ba saniya ba ce, ba rake ba ne. Ni ne. Ban taɓa ɗaga hannu na doke shi ba, amma ni ne. Sau uku ina zuwa wannan wuri a rubutun nan ina tsallakewa in koma labarin wani abu. Yanzu na ga gara ku ji daga bakina tun ina da bakin.

A Sabo aka haife ni, unguwar Hausawa ta Ibadan, a gidan nan da kuka sani, lokacin rufinsa bai yi tsatsa haka ba. Baba, kakanku, aikinsa ɗinkin hannu, yana yi wa manyan riguna aiki a wuya da aljihu. A zaure yake zama daga hantsi har la'asar, ƙafa ɗaya a miƙe, riga a kan gwiwa. Manyan Yarbawa suna zuwa da motocinsu su kawo masa yadi, don sun ce allurarsa ba ta ƙarya. Ya shigo Ibadan tun bai yi aure ba, amma Yarbancinsa bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Ko dai bai iya ba ne, ko kuwa bai so a san ya iya ba, wannan har ya koma ga Allah ban tantance ba. Inna kuwa ba ta fita. Tana cikin gida tana suyar waina, yara suna ɗauka suna kai wa tasha. Saboda haka tun ina ɗan shekara takwas, duk baƙon da ya shigo zaure ya fara dogon bayani, sai ka ji Baba ya ɗaga murya:

"A kira mini Garba."

Sai in zo in tsaya tsakanin manya biyu, wannan ya faɗa in juya, wancan ya faɗa in juya. Baƙon ya shafa kaina ya ce yaron nan harshensa zuma. 'Yan ci-rani da ke kwana a ɗakunan waje su ma ni suke nema, in rubuta musu wasiƙa, in raka su wurin mai magani in faɗi inda ke musu ciwo. Idan aka ce in faɗi lokacin da na fi jin ni wani ne a duniya, to ina ɗan shekara goma ne. Ban taɓa tambayar kaina ko ni wane ne ba. Ni ne Garba, wanda ake kira.

Abin ya fara kwancewa ne da na shiga sakandare a wajen Mokola. Ranar farko malami ya karanta sunana, Abubakar Haruna, na amsa, sai na ji daga bayan aji an ce "Gambari". Haka Yarbawa ke kiran Bahaushe, wani da wasa, wani da raini. Da aka fita hutun ƙarfe tara sai suka kewaye ni, suna ba ni kalmomin Turanci in maimaita, don su ji yadda nake rikita fa da pa. In na faɗa su kwashe da dariya, wani ya riƙe ciki. A shekarar ne kuma jikina ya juya mini baya. Na yi tsawo farat ɗaya, wandon makaranta ya ɗage ya bar idon sawu a waje, ƙuraje suka feso mini a goshi, muryata ta fashe, in fara magana da ta maza in ƙare da ta mata. Nakan ɗauki murfin langar Inna in laɓe a bayan ɗaki ina duba fuskata, ina gwada baki, ina cewa pa, pa, pa, har leɓena ya gaji.

Da muka shiga aji uku aka gauraya mu da wasu yara, wani sabon malami ya rubuta sunana Bakare, yadda Yarbawa ke kiran Abubakar. Ban gyara masa ba. Yarbancina ya riga ya zama na 'yan gari, har da irin jan muryarsu ta Ibadan. Da safe in na wuce masallaci sai in cire hula in tura a jaka. In an tashi sai in bi doguwar hanya ta shatale-tale, don kada a ga na karya kwana na shiga Sabo. Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu shi ne yadda nake zama mutum biyu a yini ɗaya. A makaranta ina jin kowa ya fi ni, ina tsoron ranar da asirina zai tonu. A gida kuma ina jin na fi kowa, ina kallon 'yan ci-rani da kaushin ƙafarsu ina cewa a raina su ne suke ja mana suna. Ban san wanne ne ni ba a ciki. Wata rana in tashi ina jin zan zama gwamna, kafin azahar ina fatan ƙasa ta tsage.

A cikin wannan hali Tanimu ya zo. Ɗan Goggo Hajara ne, ƙanwar Baba, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. A saman motar shanu ya iso, aka sauke shi a tashar Ojoo, ya yi ta tambaya har ya kawo kansa ƙofar gidanmu da ƙullin kayansa a ka. Ya girme ni da shekara ɗaya. Gajere ne, kakkaura, dariyarsa ana ji daga bakin titi. Abin da na fara lura da shi, kuma ya fara ba ni haushi, shi ne babu abin da yake jin kunya a jikinsa. Bai san ko "zo" ba da Yarbanci, bai taɓa shiga aji ba, rigarsa ɗaya ce, amma yana tafiya a Sabo kamar kakansa ne ya sari unguwar. A ɗakina aka sa shi. Kwana uku da zuwansa ya bi sauran samari Ojoo ya fara dako. Baba bai so haka ba. Ya ce dako yana cin wuya, yaro ƙarami bai kamata ya fara da shi ba. Akwai wata Bayarabiya, Iya Risika, mai babban shagon wake da shinkafa a Mokola, wadda Baba ya daɗe yana yi wa mijinta ɗinki. Baba ya yi ta bin mijin watanni, har aka amince za ta ɗauki Tanimu yaron shago, ya koyi awo da ciniki a inuwa. An sa ranar Asabar Baba zai kai shi.

Saura kamar mako guda, wata rana bayan azahar muna cin tuwo a zaure da samarin dako, Tanimu yana ba da labarin wai a ƙauyensu ya taɓa ɗaukar buhun gero biyu a lokaci ɗaya. Na ga kowa ya saki baki yana saurarensa, yadda a da ake saurarena. Sai na ce:

"Karya ne."

Ni ban ji abin da na faɗa ba. Shekara uku ina lanƙwasa harshe don ya yi daidai da na makaranta, ashe ya yi santsi, ya daina kama ƙa. Tanimu ya tsaya da loma a hannu, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya leƙa ƙarƙashin benci.

"Ina take?" ya ce. "Ɗan Kawu ya ce karya. Ta haihu ne? A ajiye mini ɗan kwikwiyo ɗaya."

Zauren ya ɗauki dariya. Wani har tuwo ya sarƙe shi.

"Kuma wai ne," in ji Tanimu. "Karya ne. To namiji ce ko mace ne? Kawu, wannan ɗan naka a asibiti aka musanya maka shi. Bayarabe aka ba ka."

Baba yana gefe da allurarsa, na ga gefen bakinsa ya motsa. Wannan ɗan motsin shi ya fi yi mini ciwo. Na tsame hannu na shige cikin gida. Daga ranar nan, sunana a bakin samarin ya koma Karya-ne. In na wuce sai wani ya yi haushi ƙasa-ƙasa. A makaranta ni Gambari ne mai ɓuya, a gida kuma na zama Bayarabe. Wurin da nake da tabbacin na fi kowa, nan ma an ture ni.

Inna ta same ni a bayan ɗaki ina share ido. Ta ajiye ludayin ƙullu ta ce:

"Kai yanzu saboda Tanimu kake wannan? Ai taubashinka ne. Ɗan mace da ɗan namiji, haka suke tun kaka da kakanni. Ya tsokane ka, ka tsokane shi, ba mai fushi. In bai yi maka ba ma ai bai ɗauke ka ɗan'uwa ba."

"Ni ban san wannan ba."

"Ina za ka sani, ka tashi a nan babu dangi kusa. To yanzu ka sani. Rama, ka daina kumbura kamar ƙullun da ya kwana."

Ita wasa take nufi. Ni kalma ɗaya na ɗauka a maganarta, rama.

Washegari Tanimu da kansa ya kawo mini wuƙar. Ya same ni ina wanke kayan makaranta, ya tsuguna kusa da ni, a karo na farko babu dariya a fuskarsa.

"Karya-ne, taimaka mini. Ba na so in je gaban matar nan kamar kurma. Koya mini gaisuwa, irin ta manya. Abin da za a ce ranki ya daɗe."

Akwai yadda ake faɗa, kuma na sani. Ana cewa "E pe fun wa, Ma", wato ki daɗe mana. Ya zo bakina. Sai na kalli kumfar sabulu na ce:

"Ka ce, Ori yin o pe, Ma."

Ma'anarsa, kanki bai cika ba. Zagi ne da ko sa'arka ka yi wa sai an raba ku, balle uwa mai jikoki.

Ya maimaita, na gyara masa. Ya sake, na sake gyarawa. Kwana uku yana bitar abin nan, yana wanka yana yi, yana tafiya yana yi. Na tsaya a kansa sosai, ban taɓa koya wa wani abu da kyau kamar yadda na koya masa wannan ba. Har na ce masa in ya ga ba ta amsa ba ya ɗaga murya, tsofaffi ba sa ji da kyau. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, ai ranar Asabar ina wurin, tun a hanya zan ce masa wasa nake, in ba shi ta gaskiya, ko kuma in bari ya faɗa a zaure gaban wanda ya ji Yarbanci a yi masa dariya yadda aka yi mini. Haka nake gaya wa kaina. Amma sau uku ya yi bitar a gabana a zaure ban kira kowa ba. Har yau in na zauna na auna, ban san ko da gaske na yi niyyar gyarawa ba.

Bai jira Asabar ba. Ranar Alhamis da hantsi, ina makaranta, ya wanke rigarsa ya sa ta da ɗanshi, ya tafi Mokola shi kaɗai, wai ya gaishe ta tun kafin a kai shi don ta ga yaro ne mai hankali. Waɗanda suka gani sun ce ya cire takalmi tun daga bakin kwata, ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane cike da shago, yana murmushi, ya faɗa. Ta ɗaure fuska. Ya ɗauka ba ta ji ba, ya ƙara murya. A na uku ne ɗanta babba ya tsallako buhu ya kwaɗa masa mari, masu sauke kaya suka taya, ya faɗi da baki a kan ƙarfen sikeli.

Na dawo na tarar da shi a tsakar gida, Inna tana riƙe da kofin ruwan ɗumi da gishiri, leɓensa ya kumbura ya rufe hanci, rigar nan ta rine. Baba yana tsaye. Bai taɓa barin zaure da rana ba sai ranar.

"Me ka ce mata?" Baba ya tambaye shi.

Tanimu ya faɗa da kumburarren baki. Wata maƙwabciyarmu da ta shigo sayen waina ta dafe ƙirji ta ce a'uzu billahi, ta fassara. Baba ya juyo ya dube ni.

Bakina ya buɗe da kansa. Na ce ai "pe" iri biyu ne a Yarbanci, akwai wanda ake buɗe baki, shi ne daɗewa, akwai wanda ake matse baki, shi ne cika. Na ce ni na daɗewa na koya masa, harshensa ne ya karkata, ya kuma haɗa da wasu kalmomin da ya tsinta a tasha. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta zauna. Ina yi ina jin idon Tanimu a kaina. Da na gama sai ya tofar da ruwan gishiri ya ce a hankali:

"Harshena ne, Kawu. Bai karye ba tukuna."

Ranar Asabar ɗin da aka sa za a kai shi aiki, ita muka tafi ba da haƙuri. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ƙulle goro a ganye, ya ce in biyo shi. Tanimu yana baya da tsumma a baki. Da muka isa, Baba ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban Iya Risika a kan simintin da wake ya zube. Mutumin da manyan gari ke tsayawa a zaurensa su jira ya ɗago kai. Ya yi magana, ina juyawa. Ya ce yaro baƙo ne, marayan uba ne, amana ce ƙanwarsa ta ba shi, laifin nasa ne da bai tsaya ya ji abin da zai faɗa ba. Duk na juya daidai, kalma da kalma.

Iya Risika babbar mace ce, da tabon salla a goshi. Ta ce Baba ya tashi, ya ƙi. Sai ta ce da Yarbanci:

"Yaron nan ya durƙusa mini har ƙasa, yana murmushi. Mai zagi ba ya irin wannan murmushin. Kuma abin ya fito a bakinsa tsaf, ba irin na wanda ya tsinta a hanya ba. Zama aka yi aka koya masa. Tambayi babanka, wa ya koya masa?"

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce abin ya yi mata zafi ƙwarai," na ce, "amma ta ga girmanka."

Ta tsura mini ido. Ba ta jin Hausa sosai, amma mace ce da ta shekara talatin tana karanta fuskar masu ciniki.

"Ban ji ka yi tambaya ba," ta ce. Sai ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kai ne. Ga Yarbanci a bakinka ya fi na 'ya'yana daɗi. Abin da ka ga za ka yi da shi ke nan."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta yafe."

Ta yafe ɗin kuwa, ta faɗa daga baya da bakinta, ta karɓi goron, ta sa aka kira ɗanta ya ba Baba haƙuri. Amma ta ce ba za ta iya ɗaukar Tanimu ba. Kasuwa duka ta gani, in yana shagon kullum za a riƙa nuna shi ana tuna zagin, shi kuma kullum zai riƙa ganin wanda ya zubar masa da haƙora. Wannan na juya shi daidai. Muna juyowa na hangi wani ɗan ajinmu a tsaye da ledar cefane, yana kallona, yana kallon Baba yana kakkaɓe gwiwa. Kafin a tashi ranar Litinin kowa a makaranta ya san Bakare ɗan Sabo ne.

Muka kama hanya har muka wuce shatale-tale. Sai Baba ya ce, bai ko juyo ba:

"Maganarta ta farkon nan, kamar ta mai tambaya na ji ta."

"Haka Yarbanci yake, Baba."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, a ranar da kuma duk sauran rayuwarsa. Amma daga wannan rana ban sake jin "a kira mini Garba" ba. In baƙo ya zo sai ya aika a kira ɗan maƙwabta, yaron da na girma da shekara biyar, ina zaune a cikin gida ina jin muryarsa yana kame-kame a abin da zan juya cikin numfashi ɗaya. Ban sani ba ko hukunci ne, ko kuwa Baba yana rufa mini asiri ne don kada ya sake sa ni a inda zan yi ƙarya. Na sha shirya zan same shi in faɗa. In na zo bakin zaure sai in ga kamar ya riga ya sani, faɗar ba ta da amfani. In na koma ɗaki kuma sai in ga kamar bai sani ba, faɗar za ta kashe shi.

Tanimu ya koma dako a Ojoo. Shekara bakwai yana ɗaukar buhu a ka, a rana da ruwan sama, wuyan nan da kuke ganin ba ya juyawa sosai daga nan ya samo shi. Abin da ya fi damuna, bai canja mini ba. Bakinsa na warkewa ya ci gaba da kirana Karya-ne, yana ajiye mini tsire in ya samu, muna kwana ɗaki ɗaya. Da ya zage ni ko ya daina yi mini magana, da na san inda na tsaya. Makaranta kuwa ta fita raina. Ba dariyar Gambari ce ta kore ni ba, don bayan mako biyu sun gaji sun bari, har na yi mamakin ƙanƙantar abin da na daɗe ina ɓoyewa. Abin da ya kore ni shi ne na daina yarda da bakina. In malami ya yi tambaya, ko na san amsa sai in yi shiru. Ban ƙarasa aji huɗu ba.

Wata safiya na ɗauki tabarma na zauna kusa da Baba a zaure. Bai tambaye ni dalili ba. Ya miƙo mini ƙyalle da allura. Shekaru muka yi a haka, gefe da gefe, yini guda ba mu yi magana goma ba. A nan ne na fara samun ɗan abin tsayawa, don allura ba ta tambayarka Garba ne kai ko Bakare. Ranar da na gama ɗinka riga mai aska takwas ta farko ni kaɗai, Baba ya karɓi rigar, bai dubi gabanta ba, ya juya ta ciki, don a bayan ɗinki ake gane maɗinki. Ya daɗe yana bin zaren da yatsa.

"Bayan ya yi kyau," ya ce. "Babu abin da ka ɓoye."

Na rasa ko yabo ne ko tuni. Na karɓa a matsayin duka biyun.

Baba ya rasu kafin in yi aure. Ranar sunanka, Haruna, da aka raɗa maka sunansa, bayan an shafa fatiha an raba goro da waina, na ga Tanimu a bakin rumfa yana raha da wasu direbobi Yarbawa. Lokacin ya bar dako ya zama ɗan kamasho a tashar Ojoo, Yarbanci a bakinsa har da karin magana, ya fi nawa nesa. Na ja hannunsa muka koma bayan gida wajen tulunan ruwa. Na shekara goma sha ɗaya ina shirya maganar, amma da na buɗe baki sai na ce:

"Tanimu, gaisuwar nan."

Ya dube ni, ya yi murmushi da giɓinsa, ya ce da Yarbanci:

"She ori e ti pe?" Wato, kanka ya cika yanzu?

Ban ma san da wane harshe zan amsa ba.

"Tun ina kwance a gindin sikelin nan na sani," ya ce. "Na ce a raina, ɗan Kawu ya rama. Sai dai ba a koya maka yadda ake yi ba. Wasan taubasai a gaban dangi ake yinsa, a yi dariya tare a tashi. Kai kuma ka ɗora mini shi a ka, ka aike ni wurin baƙi."

"Me ya hana ka faɗa wa Baba?"

"Wa ka taɓa ji ya kai ƙarar taubashi? Kuma ni na fara. Na ga yadda ka tsame hannu a tuwon nan, na san na taɓa wurin da ke ciwo, ban bari ba."

"Ka yafe mini."

Ya sa harshe a giɓin, kamar mai lissafi.

"Biyu ne," ya ce. "Na yafe ɗaya. Ɗayan na riƙe, in ba haka ba da me zan riƙa tsokanarka?"

Ya koma wurin direbobinsa, ya bar ni a tsaye wajen tulu.

To kun ji. Tambayar nan ta ko kaina ya cika, ita yake yi mini duk ranar da ya shigo gidan nan, wadda kuke ɗauka gaisuwar Yarbawa ce, ni kuma in miƙa masa tabarma. Har yau ban ba shi amsa ba, don har yau ban tabbata ba. In ya sake ce muku saniya ce, ku yi masa dariya, yana so. Amma kada ku tambaye shi ɗayan haƙorin. Bashi ne, yana wurina.